Yadda Na Zama Kapiten Dutse

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shigo Madarumfa ina jan jirgin ruwa a bayan mota. Ko na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bari ba, don har yau idan hira ta yi sanyi a bakin kasuwa labarina ake jawowa a ɗumama ta.

Bari in fara daga tushe. Ni ɗan gidan masunta ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai na tashi a hannun Kawu, yayan innata, wanda shi ne sarkin ruwan garinmu a lokacin. Masuntanmu a wancan zamani gora suke hawa, wato babbar ƙwarya rufaffiya da mutum zai kwanta a kanta da ciki, yana tura ruwa da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ta bakinta. Kowane ɗan gidanmu ya iya hawanta tun kafin ya iya ɗaura wando. Ni kuwa sau uku aka ɗora ni, sau uku ta juye da ni, kuma kowane karo ƙasa nake nufa kai tsaye, ba ko ɗan wutsil-wutsil na neman tsira. A karo na uku ne Ilu, ɗan Kawu, taubashina, ya tsamo ni ta ƙeya ya ce wa jama'a, "Wanga ba mutum ba ne, dutse ne." Daga ranar sunana na yanka ya ɓace. Har innata, in ta manta, Dutse take kirana.

Sunan nan ya ci mini rai ƙwarai, ba na ɓoyewa. Shi ya kore ni daga gari. Na bi wata motar gyaɗa na zama yaron mota, na gangara har Yamai, na koyi tuƙi, daga ƙarshe na samu aiki wurin wani likitan dabbobi Bafaranshe da muke kira Mai Lofe, saboda ba a ganin bakinsa babu tukunyar taba. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda, ciwon ruwa. Yana da ɗan jirgi fari mai shuɗin layi a ciki, tsawonsa bai wuce na mutum uku ba, da ɗan ɗaki a gaba wanda mutum biyu za su iya kwanciya in ba su yi faɗa ba, da inji a maƙale a baya.

Shekara bakwai bayan samun mulkin kai, damina ta yi kyau, tafkuna duk sun cika sun batse. Mai Lofe ya kusa komawa ƙasarsu, sai ya ce kafin ya tafi yana so ya ɗora jirginsa a kan rimok (wani amalanken ƙarfe mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota), mu ratsa ƙasar tun daga Yamai har tafkin Cadi, duk inda muka ga ruwa mu tsoma shi. Ya shimfiɗa taswira a kan mota yana nuna mini da bakin lofe. Da na ga ya tsaya a kan Madarumfa, sai da na riƙe ƙofar mota don murna. Na ce a raina, yau ga ranar da zan binne sunan Dutse, in dawo gida a kan ruwa da abin da ko Kawu bai taɓa hawa ba.

Tafiyar nan, wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamarta ba. Da farko rimok ta wahalar da ni, don in za ka ja da baya, ka murɗa kan mota dama sai ta nufi hagu, halinta ɗaya da jakin da bai ƙoshi ba. Amma kafin mu wuce Doso na gane kanta. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su bar abin da suke yi su tsaya kallo. A Dogon Dutsi wani dattijo ya zagaya jirgin sau biyu, ya dubi tudun da ke kewaye da mu, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko nasara ya samu labarin ruwan Ɗufana ne bai gaya wa kowa ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in akwai labari ni zan fara sani. (Tun a nan kaina ya fara kumbura, ban lura ba.)

Daga Ƙonni muka yi arewa zuwa Tabalak. Can na ga abin da ban taɓa zato ba, ruwa shimfiɗe tsakanin rairayi, raƙuma suna sha a gefe, tsuntsaye farare sun rufe gaɓa, Buzaye sun tsaya a kan tudu suna kallon jirgi yana tsaga ruwa. A nan Mai Lofe ya koya mini jan igiyar inji da riƙe hannun tuƙi. Ina sanye da rigar ceto, na ɗaure ta tamau har numfashi yana yi mini wuya, amma dai na tuƙa. Iska tana dukan fuskata, ruwa yana rabewa biyu a bayanmu, na ji kamar in yi waƙa. Kwana uku muka yi can, kullum sai na roƙa a ba ni hannun tuƙi.

To ga inda gizo yake saƙa. Duk lokacin da za mu sa jirgi a ruwa ko mu fitar da shi, ni ina cikin mota, wuyana a murɗe, ina lallaɓa rimok. Mai Lofe shi ke baya, yana sunkuyawa a gindin jirgi ya yi wani abu da ban taɓa gani ba, sannan ya yi mini fito in ci gaba. Abin da na sani kawai shi ne, in muna kan hanya yakan rataya wani ɗan ƙarfe na tagulla a wuyansa da jar igiya, girmansa kamar babban yatsa, da zoben roba a jikinsa, yana ƙyalli. Ni da hankalina na yanke hukunci cewa lambar kapiten ce, irin ta masu manyan jirage. (Da ina da lurar kaza ma, da na gane cewa a kan tudu kaɗai yake sa ta, in muna kan ruwa wuyansa wayam.)

Da muka iso Maraɗi abokansa suka riƙe shi, suka ce sai ya yi kwana biyu. Ni kuwa ga garinmu can kudu, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, ƙafata sai ƙaiƙayi take yi. Na roƙe shi ya bar ni in yi gaba da jirgi in gaida gida. Ya yarda, har ya ce in na so in tsoma shi a bakin gaɓa in ɗumama inji. Sannan ya cire abin nan daga wuyansa ya rataya mini, ya yi dogon bayani da Faransanci yana kaɗa yatsa. Faransancina a lokacin bai wuce tafi, tsaya, dama, hagu da sunayen abinci ba. Na ji kalmar "bushon" ta fito kamar sau huɗu, ban san ta ba, amma a ganina tambaya ba ta kamaci wanda ake naɗawa ba. Duk inda ya ja numfashi sai in ce, "Wi, mushe," wato "To, yallaɓai." Ya dafa kafaɗata, na kusa yin hawaye.

Na sa farin wando da farar riga da takalmi sau-ciki, na ɗauki hularsa mai baki da ya bari a mota na kafa. Da hantsi na shiga Madarumfa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina danna oda ba dalili. Masu amalanken jaki da suka fito daga Safo suka ratse cikin gona suka ba ni hanya. Mata suka saki taɓare. Hanyar tafki a miƙe take, amma sai da na zagaya ta kasuwa, na sake zagayowa ta ƙofar gidanmu, don kada wani ya ce bai gani ba. Innata ta fito ta rangaɗa guɗa. Kafin in kai bakin ruwa rabin gari yana bayana.

Ilu ne ya fara leƙo kai ta tagar mota.

"Dutse, kai ne? Mi ka jawo muna haka, ɗakin aljannu?"

Na gyara hula na ce, "Daga yau in za ka kira ni, kapiten za ka ce."

Sai ga Kawu ya iso, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, mayafi a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, amma rabin durƙuso, saboda farin wando. A garinmu akwai al'ada tun ta kakanni. Duk abin da zai hau tafkin nan sabo, gora ce ko kwalekwale, sai sarkin ruwa ya yi bisimilla ya shafa shi da hannu tun daga kai har gindi, sannan a bar shi a bakin gaɓa ba kowa a ciki, a zauna a gani ko yana shan ruwa. Ni a lokacin na ɗauki wannan a matsayin ɓata lokacin tsofaffi. Kawu ya fara shafa jirgi yana zagayawa. Da ya kai baya ya tsuguna, ya sa yatsa a wani wuri, ya daɗe. Ya miƙe ya zuba wa ƙirjina ido.

"Ɗana, wanga abu da ka rataya ga wuya..."

"Lambar kapiten ce, Kawu. Nasara ya ba ni da hannunshi."

"Na gani. Amma bari in hwaɗa maka..."

Jama'a suna kallona, rana tana haska tagulla a ƙirjina, sai shaiɗan ya hau harshena. Na ce, "Kawu, wanga jirgi daga Faransa ya hito. Ba gora ba ne balle a tsaya shafa mishi ciki. Ya shiga kogin Kwara, ya shiga Tabalak, ba wanda ya jiƙa shi ya zauna jira."

A garinmu ba a katse sarkin ruwa a bakin ruwa. Kawu bai yi fushi ba. Ya gyara mayafinsa kawai ya ce, "To, madalla. Tunda ka sani, shi ke nan. Abu guda nika roƙo, ka bi ta wajen kukokin can, kada ka yanki tsakiya. Ilu, raka ɗan'uwanka."

Na ɗauka yana so ne mutanen wancan gefen su ma su gan ni. Na kuma hango shi yana yi wa masunta magana ƙasa-ƙasa, sai ga su suna ɗaukar gorunansu suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, kai, har da 'yan rakiya.

Na ja rimok da baya tashi ɗaya, ba gyara, jirgi ya sulale cikin ruwa. Rigar ceto na bar ta a mota, don ban ga yadda kapiten zai ɗaure kansa kamar ƙunshin goro a gaban garinsu ba. Ja na biyu inji ya kama. Na murɗa masa wuta, kan jirgi ya ɗaga, muka fita kamar kibiya. Jama'a, daɗin da na ji a wannan lokaci ba ya faɗuwa. Tafkin da ya ƙi ni tun ina yaro, ga shi ina tsaga shi. Na wuce masu gora na bar su suna lilo a cikin igiyar ruwana. Ilu da kansa ya riƙe gefen jirgi yana dariya, yana cewa in ƙara. Daga baya aka fahimtar da ni cewa muddin jirgi yana gudu, ruwa ba ya samun shiga ta baya sosai. Da na ci gaba da gudu na dawo, wataƙila da na tsira da mutuncina.

Amma gudu ba ya barin mutane su ga fuska. Da muka zo daidai kukokin, inda jama'a suka zagayo suka taru, sai na kashe inji gaba ɗaya, na miƙe tsaye, na sara musu irin ta soja. Na daɗe a haka, hannu a goshi, ina jira kowa ya ƙoshi da kallo.

Ilu ya ce, "Kapiten, jirgin nasara da rijiya a ciki ake yin shi?"

Na duba ƙasa. Ruwa ya rufe takalmina. Na ce masa ba komai, ruwan sanyaya inji ne, haka yake yi. (Har yau ban san daga ina wannan ƙaryar ta zo mini ba.) Na ja igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Na sake ja, na sake, har na shaƙe shi da mai. Ruwa ya kai idon sawu, ya wuce. Na cire hular Mai Lofe na fara kwalfa da ita. Ilu kuwa ya hau saman ɗakin jirgi ya tanƙwashe ƙafa, ya zaro gyaɗa daga aljihu yana ɓarewa, yana ba ni shawara in riƙa kwalfa da takalmi don ya fi hula riƙe ruwa.

Da ruwa ya kai gwiwa, gindin jirgi ya fara nutsewa, sai kapiten ya fita daga jikina, Dutse ya dawo. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na kira innata. Na kama ƙafar Ilu na ce ya yafe mini, bandar kifin Kawu da ta ɓata muna yara, wadda aka yi masa bulala bakwai a kanta, ni na cinye ta a bayan rumbu. Abin da na manta shi ne, murya tana tafiya a kan ruwa. Duk wanda ke bakin gaɓa ya ji ni tar, har da Kawu, har da innata.

Jirgi ya karkata, santsi ya kwashe ni, na faɗa ruwa. Na rufe ido ina dukan ruwa da hannu biyu, ina ihu a cece ni, ina haɗiyar tafki. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji muryar Ilu a saman kaina, ba ko gaggawa a cikinta.

"Dutse. Miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata yake.

Ashe wajen kukokin nan tudun rairayi ne, kowane masunci ya sani, shi ya sa Kawu ya ce in bi ta can. Jirgi ma ya zauna a kan rairayi lafiya lau, kan inji a sama ko jiƙewa bai yi ba. Na tsaya a tsakiyar tafki, farin wando ya zama kalar laka, takalmi ɗaya ya tafi, gansakuka a kunnena, tagulla tana ƙyalli a ƙirjina. Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya, daga nan gaɓa duk ta ɗauka. Na ga manyan mutane suna riƙe ciki suna zama a ƙasa. Na yi fatan da ruwan ya fi haka zurfi.

'Yan rakiyar nawa suka iso. Suka kewaye jirgin Faransa da gorunan da na raina, suka ɗaɗɗaure su a jikinsa, ya taso, suka tura shi gaɓa. Saura ni. Tsakanin tudun da gaɓa akwai kwari mai zurfi, ba hanyar taka ƙasa. Sai ga Kawu da kansa ya iyo da gora, ya ce in kwanta a kai. Na kwanta, ya riƙe ta da hannu ɗaya yana tura ni a hankali har bakin gaɓa. Wannan ne karo na farko a rayuwata da gora ba ta juye da ni ba. A hanya ban iya kallonsa ba.

Aka taru aka ja jirgi kan rimok. Da aka fito da shi tudu sai ga ruwa yana tsiyaya ta wata ƙaramar ƙofa a gindinsa, daidai inda Kawu ya sa yatsa. Ta nan Mai Lofe yake zubar da ruwan da ya taru in mun fito, ya rataya marfin, wato bushon ɗin nan, a wuya don kada ya manta da shi. Kawu ya jira ruwan ya tsane, ya miƙo hannu ya cire jar igiyar daga wuyana, ya tsuguna ya murɗa tagullar a ƙofar. Ta zauna daram.

"Ga gidanshi nan," in ji shi. "Abin da nika son hwaɗa maka ke nan."

Mutanen garinmu sun yi mini dariya, amma sun rufa mini asiri. Mata suka shanya katifun jirgi a kan zana, aka wanke hula, aka goge laka tas. Da abokan Mai Lofe suka kawo shi bayan kwana biyu ba wanda ya tsegunta masa. Abin da ya ƙara mini kunya, da Kawu ya zo shafa jirgi, nasara cire hula ya yi ya tsaya gefe, ya jira har aka gama, ya zauna tare da su ana kallon ko yana shan ruwa. Sannan ya ɗauki Kawu suka zagaya tafki, tsoho yana nuna masa inda kifi yake kwana. Ni aka bar ni gadin mota, ban kuma yi musu ba.

Asirina ya tonu ne a tafkin Gidimuni, can gabas da Damagaram, inda wani wari ya hana mu sakat. Mai Lofe ya ɗaga katakon ƙasan jirgi, sai ga tarwaɗar Madarumfa ta kwana biyar da mutuwa. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi bushon da ke wuyansa. Ya cire lofe ya yi dariya har ta sarƙe shi. Bai kore ni ba, mun kai har tafkin Cadi tare, amma bai sake rataya mini komai ba.

Sunan da na je binnewa kuwa, ƙarin girma na samo masa. Tun daga ranar Kapiten Dutse ake kirana, da shi Kawu ya kira ni har ya bar duniya, da shi jikokina suka san ni. Ilu kuma duk sallah sai ya tuna mini yana bina bulala bakwai. Ni dai abin da na koya bai da yawa. In aka rataya maka abu a wuya, tambayi amfaninsa kafin ka sara wa jama'a. In kuma tsoho ya fara da "bari in faɗa maka", ka rufe bakinka ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, don ba kullum ne ruwan yake tsayawa iya cibiya ba.